Yadda ake ziyartar Montepulciano, garin inabi na Italiya, ko da ba ka shan giya

Montepulciano gari ne da ke zaune a kan doron tsauni a kudancin yankin Toskana na Italiya, cikin lardin Siyena, kimanin mita 600 sama da teku. A bakin mutanen wurin sunan yana fita kamar "Montepulcano". Daga ganuwar garin duk inda ka kai ido gonakin inabi ne a jere kamar an ja musu layi da igiya, sai itatuwan zaitun, sai wasu dogayen itatuwa sirara masu tsini da suke kira cipresso. Abin da ya yi wa garin suna shi ne giyar da ake kira Vino Nobile, kuma baƙi da yawa ita ce ke kawo su. Shi ya sa Bahaushe Musulmi zai ce to ni me zan je yi a can? Ni kuwa a ganina kwana uku ba za su ishe ka ba, ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa leɓenka ba. Sharaɗin kawai shi ne ka san abin da za ka ce da bakinka, ka kuma san abin da ke cikin kwanon da aka ajiye maka.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci kafin ka sayi tikiti

Watan Yuli da na Agusta akwai zafi da cinkoso, kuɗin masauki kuma yana hawa. Zafin ba zai firgita wanda ya san bazarar Sakkwato ba, amma hawan tsauni da rana tsaka wani abu ne daban. Mayu da Yuni ƙasar kore ce shar. Satumba zuwa farkon Oktoba lokacin tsinkar inabi ne, za ka ga taraktoci suna jan kaya a hanya, ma'aikata suna sunkuye cikin kunyoyi da almakashi a hannu. Ni lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake kaɗe zaitun ana kai shi injin matsa. Ga wanda ba ya shan giya wannan ne kakarsa, don a nan ne zai ɗanɗani abin da ƙasar ta haifa cikin kwanciyar hankali. Sai dai ka tafi da rigar sanyi mai kauri, kuma rana tana faɗuwa da wuri.

In kana son kallon biki, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta ake yin Bravìo delle Botti. Unguwanni takwas na garin ne ke gasa, kowace da samari biyu masu tura gangar katako mai nauyin kusan kilo 80, daga ƙasan gari har zuwa babban dandali a can sama, tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, duk hawa. Masauki a wannan makon sai wanda ya kama tun da watanni.

Mataki na 2: Biza da hanya

Bizar Shengen ake nema. A Najeriya Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Tun watan Yunin 2024 kuɗin biza ga babba yuro 90 ne, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma dole ka nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa. Ka fara da wuri, samun ranar ganawa ne ke cin lokaci.

Ka sauka a filin jirgin Fiumicino na Roma. Daga can jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express zai kai ka tashar Termini cikin minti 32. A Termini ka nemi jirgin da ke bin hanyar birnin Fulorans yana tsayawa a Chiusi-Chianciano Terme, tafiyar kusan awa biyu a jirgin da ke tsaye-tsaye. Daga Chiusi akwai bas na Autolinee Toscane da ke hawa zuwa Montepulciano cikin ƙasa da awa ɗaya.

Ga tarkon da ke kama baƙi. Akwai wata tasha mai suna Montepulciano Stazione, kuma duk mai hankali zai ɗauka ita ce ta garin. Ba ita ba ce. Tana can ƙasa a fili, kilomitoci da dama daga tsaunin, kuma samun abin hawa daga wurin wahala ne. Chiusi ita ce ƙofarka. Abu na biyu, in tikitin takarda ka saya na jirgin yanki, ka tura shi cikin ƙaramin injin da ke bakin dandamali ya buga masa kwanan wata kafin ka shiga, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. Na uku, ranar Lahadi bas-bas kaɗan ne ƙwarai. Kada ka sa ranar isowarka ko ta komawarka ta faɗo Lahadi.

Mai son hayar mota ya tafi da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da nasa na gida, ya kuma sani yawancin motocin haya ba otomatik ba ne, da hannu ake canja musu giya. Mota tana da amfani sosai wajen zagaya gonaki, amma kada ka kuskura ka shiga tsohon garin da ita. In ka ga allo mai jan da'ira da haruffan ZTL, to wurin an keɓe shi ga mazauna, kyamara tana ɗaukar lambar mota, tarar kuma za ta biyo ka har gida bayan watanni ta hannun kamfanin hayar. Ka ajiye motar a wuraren ajiya da ke wajen ganuwa. Layi mai shuɗi na biya ne, fari kyauta ne, rawaya kuwa ba naka ba ne.

Mataki na 3: Masauki

Zaɓi biyu ne. Ko ɗaki a cikin ganuwa, ko gidan gona da ke karɓar baƙi, wanda suke kira agriturismo. In ba ka da mota, zauna cikin gari. In kana da ita kuma da iyali ka zo, gidan gona ya fi, musamman mai kicin, don Hajiya ta iya dafa abin da hankalinta ya kwanta da shi. Ranar Alhamis da safe kasuwa take ci a ƙasan gari, za ka samu tumatir da wake da kayan lambu da 'ya'yan itace. Za a karɓi fasfo ɗinka a rubuta, doka ce ba raini ba, kuma akwai ɗan harajin kwana da ake ƙarawa kan kowane baƙo.

Babu masallaci a tsohon garin, don haka ka tafi da dardumarka. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take. In Juma'a za ta riske ka a tafiyar, ka tsara ta same ka a Roma, inda babban masallacin da aka buɗe a 1995 yake.

Mataki na 4: Hawan garin, daga ƙofa zuwa dandali

Garin dogo ne siriri, babban titi ɗaya ne ke ratsa shi, ana ce masa Corso. Ka sa takalmi mai taushi, ba mai santsi ba, don daɓen dutse ne. Ka fara daga ƙofar ƙasa, Porta al Prato. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ba sai an yi masa bayanin gari mai ganuwa da ƙofofi ba. Bambancin kawai shi ne wannan duk a tsaye yake, kamar an ɗauki unguwa an jingina ta da Dala.

Da ka shiga za ka ga wani ginshiƙi da zaki a kansa. Zakin alamar Fulorans ce, kuma labarinsa shi ne labarin garin: shekaru aru-aru Siyena da Fulorans suna ja-in-ja a kan garin, har a 1511 ya tabbata a hannun Fulorans. Wannan ne ya sa manyan magina na Fulorans suka zo suka cika ƙaramin gari da gidajen sarauta da suka fi ƙarfinsa. Kaɗan gaba, ka duba ƙasan bangon Palazzo Bucelli. An liƙa masa sassaƙaƙƙun duwatsu na mutanen Etruska, waɗanda suka zauna a ƙasar tun kafin daular Rum ta kafu. Yawancin mutane wucewa suke yi ba su lura ba, don idonsu na kan kantuna. Sai hasumiyar agogo mai wani mutum-mutumi cikin fararen kaya, Pulcinella, wanda ke buga ƙararrawa duk awa. Yara suna son sa, ka dakata su gani.

In gwiwa ta fara kuka, akwai gidan shan kofi mai suna Caffè Poliziano, wanda aka buɗe tun 1868, da 'yar baranda mai kallon kwari. An sa masa sunan mawaƙin garin, Angelo Poliziano, wanda aka haifa a nan a 1454. Abin lura game da kofi a Italiya: wanda ya sha a tsaye a gaban kanta yakan biya ƙasa da wanda ya zauna aka kawo masa. Kada kuma ka yarda da caffè corretto, kofi ne da aka ɗiga wa barasa.

A can ƙoli Piazza Grande take. Majami'ar garin tana gefe ɗaya da fuskarta ta ɗanyen bulo, don ba a taɓa gama yi mata ado ba. A ciki akwai zanen Taddeo di Bartolo na 1401 ga mai sha'awa. Ga rijiyar dutse mai zakuna a kanta. Ga gidan hukumar gari, Palazzo Comunale, wanda aka yi wa fasali irin na Fulorans. Ka biya 'yan kuɗi ka hau hasumiyarsa. Matakalar matsattsiya ce, amma daga sama za ka hango kwarin Chiana a gabas da tafkin Trasimeno, a yamma kuma tuddan Val d'Orcia, wato kwarin Orcia, da dutsen Amiata. Ka hau da safe ko dab da magariba. Da rana tsaka hasken yana wanke komai, hoton ba ya kyau.

Da yamma ka gangara San Biagio, wata majami'a ta farin dutse da ke tsaye ita kaɗai a cikin ciyawa a gindin gari. Antonio da Sangallo babba ne ya tsara ta, aka fara ginin a 1518. Ko ba ka shiga ba, ka zagaya ta sau ɗaya lokacin da rana ta karkata dutsen ya koma ruwan zuma. Saukar minti goma sha biyar ce. Dawowar ce ke da magana.

Mataki na 5: Gonaki da ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa

A nan ne ya kamata ka yanke shawara tun kana gida, ba a bakin ƙofar mutane ba. Ziyarar gidan inabi, wanda suke kira cantina, kashi uku ce: zagaya gona, shiga ɗakunan ajiya, sannan zama a tebur a ɗanɗana giya. Na ukun ba namu ba ne, kuma malamai da yawa suna hana ko zama a teburin da ake sha. Na biyun ma wani zai ga bai dace da shi ba, wani kuma zai ɗauke shi kallon gini da tarihi. Ka tambayi malaminka kafin ka taso. Na farkon kuwa noma ne tsantsa.

Ɗakunan ajiyar da ke cikin gari an fafe su ne a cikin dutsen da garin ke kai, wasu hawa-hawa zuwa ƙasa. Sanannu su ne na gidan Contucci a kusurwar Piazza Grande, da na De' Ricci mai dogayen ginshiƙai da rufi kamar na majami'a, da na Ercolani kusa da ƙofar ƙasa, wanda suke kira garin ƙarƙashin ƙasa. Dalilin fafe dutsen shi ne sanyin wurin ba ya canjawa rani da damina, dabarar da duk mai randa a lungun ɗaki ya sani. A ciki za ka ga gangunan katakon itacen da ake kira oak, wasu sun fi mutum tsayi, wasu ƙanana masu cin lita 225. Wurin yana da wari mai ƙarfi, gara ka sani. Yawanci hanyar fita tana bi ta kanti inda za a miƙo maka kofi. Ka ɗaga hannu ka ce "Grazie, non bevo", wato na gode, ba na sha. Ba wanda zai ji haushi. Direbobi da mata masu ciki kullum suna faɗar haka.

Gonakin da ke wajen gari sai da alƙawari. Ka aika saƙo kwana biyu ko uku kafin ranar, ka faɗi yawanku, ka ce ba kwa shan giya, kuna son ganin gona da ɗanɗana man zaitun in suna yi. Da yawa daga cikinsu suna noman zaitun ɗin ma. Wasu za su amsa da murna, wasu su ce tsarinsu ɗaya ne, ba sa raba shi. Sai ka nemi wani. Ƙananan gonaki na iyali sun fi sauƙin kai, kuma a can ne mai gonar da kansa zai fito da ƙasa a takalminsa. Kada ka haɗa fiye da biyu a rana, hanyoyin farar tsakuwa ne masu lanƙwasa, kuma kada ka makara, don a can ƙarfe goma ƙarfe goma ce.

Ga abin da za ka tambaya in kana son ziyarar ta yi armashi. Inabin da ake nomawa sunansa Sangiovese, amma a nan suna ce masa Prugnolo Gentile. Doka ta ce Vino Nobile sai ta ƙunshi aƙalla kashi 70 cikin 100 na wannan iri, ta kuma kwana shekara biyu kafin a sayar. A 1980 ta shiga sahun farko na waɗanda suka samu tambarin DOCG, matakin ƙoli na kariyar sunan kayan gona a fannin. Manomi ba zai noma abin da ya ga dama ya liƙa masa sunan garin ba, har yawan abin da zai girba a kowace hekta an ƙayyade masa. Wannan ne ya fi ba ni mamaki: a tsakiyar bazara suna bi suna yanke wasu nonnan inabin tun suna ɗanye su zubar, don ragowar su yi zaƙi. Manomin da ya saba auna arziki da yawan dami zai ga kamar hauka ne, har sai ya ji farashin da sunan garin ke jawowa. Duk wanda ya taɓa ganin an sayar da kilishin wani wuri da sunan na wani gari zai gane amfanin irin wannan doka. Ka tambaye su kuma yadda suke datse rassa da hunturu, da abin da ƙanƙara ke yi musu in ta sauko dab da girbi. Manomi ko'ina yake yana son a tambaye shi wahalarsa.

Wani ruɗani da ake yawan yi: akwai giyar da ake kira Montepulciano d'Abruzzo. Ba ta da alaƙa da garin nan, sunan wani irin inabi ne na wani yanki can gabas. Ka ambace ta a gaban ɗan garin ka ga yadda fuska ke canjawa.

In cikin tawagarku akwai wanda addininsa bai hana shi sha ba, to ba shi ne zai riƙe sitiyari ba. Dokar Italiya ta tsananta a kan haka, ga hanyoyin ba fitila da dare.

Ɗanɗana man zaitun kuwa ga yadda ake yi. Za a zuba maka kaɗan a ƙaramin kofi, ka rufe da tafin hannu ya ɗan yi ɗumi, ka shinshina, sannan ka kurɓa. Sabon mai kore ne, yana da ɗaci-ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro har ka yi tari. Tarin nan alamar kyau ce. Sai a gasa burodi a goga masa tafarnuwa a kwarara man a kai da ɗan gishiri. In za ka saya, ɗauki na gwangwani, ka sa shi a babbar jaka, don ba kowane filin jirgi ne zai bar ka ka shiga jirgi da shi a hannu ba.

Mataki na 6: Cin abinci da ido buɗe

Giya a kofi kowa yana ganinta. Wadda ke cikin tukunya ce matsala, ita da alade, don Toskana ƙasar naman alade ce. Ka haddace waɗannan kalmomi, duk alade ne: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, salsiccia, finocchiona, porchetta. Cinghiale aladen daji ne, kuma miyarsa tana kusan kowane gidan abinci. Strutto kitsen alade ne da kan shiga wasu kayan fulawa. Miyar nama da ake kira ragù galibi da giya ake dafa ta, sau da yawa kuma da haɗin alade. Naman shanun Chianina da ake taƙama da shi ba yankan Musulunci ba ne.

Me ya rage? Da yawa. Pici all'aglione, taliya ce mai kauri da ake murzawa da hannu, da miyar tumatir da wata babbar tafarnuwa mara yaji. Ita ce abincin garin na asali, kuma ba nama a cikinta. Akwai miyar wake da ganye da burodi, ribollita, amma ka tambaya ko an sa mata ƙashi ko fatar alade. Akwai farin wake da man zaitun, da gasasshen kayan lambu. Jimlarka ita ce "Senza maiale, senza vino, per favore", wato ban da alade, ban da giya. Burodin Toskana ba gishiri a cikinsa, kada ka ɗauka mantuwa aka yi. Bayan abinci za a iya kawo maka busasshen biskit mai suna cantucci tare da ƙaramin kofi na vin santo. Sunan yana nufin tsarkakakkiyar giya, amma giya ce. Ci biskit ɗin da shayi. Tiramisù ma wani lokaci da barasa a ciki.

Gidajen abinci suna buɗewa wajen 12:30 zuwa 2:30 na rana, sannan su rufe sai 7:30 na dare. A takardar kuɗi za ka ga coperto, 'yan yuro kan kowane mutum na zama da burodi. Ba cuta ba ce, haka al'adar take.

Mataki na 7: Rana ɗaya a Pienza da kwarin Orcia

Kilomita 14 ko kusa da haka zuwa yamma akwai Pienza, bas yana zuwa. Ƙauye ne da Fafaroma Pius na II, wanda aka haifa a cikinsa, ya sa magini Bernardo Rossellino ya sake gina tsakiyarsa daga 1459 zuwa 1462, ya kuma sa masa sunansa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996, kwarin da ke kewaye da shi kuma a 2004. Awa biyu sun isa ka zagaye shi.

Warin da zai tare ka a titi na cukun tumaki ne, pecorino. Akwai sabo mai laushi, akwai wanda ya kwana watanni ya yi tauri da yaji. Yawanci da wani sinadari daga tumbin ɗan rago ko ɗan maraƙi ake daskarar da madarar. Mai taka-tsantsan ya nemi wanda aka rubuta wa caglio vegetale, wato da tsiro aka daskarar, kamar yadda Fulani ke yi da tumfafiya. Ka kauce wa mai jan ɓawo da ake kira ubriaco, a cikin tukar inabin giya aka kwantar da shi. Ka ce a rufe maka naka a leda mara iska, sottovuoto, in ba haka ba jakarka da kayanka duk za su ɗauka.

In da mota kake, ka ƙarasa Bagno Vignoni, ƙauyen da tsakiyarsa ba dandali ba ne, tafkin ruwan zafi ne mai tururi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. An hana shiga tafkin kansa, amma a gefen ƙauyen ruwan yana bi ta wata 'yar magudana a kan dutse, inda mutane ke zama su tsoma ƙafa. Bayan kwana biyu kana hawan Corso, ka tafi da ƙaramin tawul.